Hattara da masu cewa famfon sitiyarinka ya ƙone bayan ka canza mai

Jama'a masu motoci, akwai wata damfara da ke cin kasuwa a kan mutanen da suka canza man sitiyari da hannunsu, kuma ina so a san da ita. Wanda ake farauta shi ne mutumin da ya zuƙe tsohon mai daga tankin sitiyari, ya zuba sabo, ya tayar da mota, sai ya ji wani kuka na tashi daga ƙarƙashin bonet duk sanda ya murza sitiyari, ko ya ji sitiyarin ya yi tauri yana fizga. Gabansa ya faɗi, yana ganin garin gyaran gira ya rasa ido. A cikin wannan ruɗani ake kama shi.

Yawanci mutum kan ɗauki bidiyon ƙarar ya saka a kafafen sada zumunta yana neman shawara. Ba a jimawa wani zai biyo shi ta saƙo, da hotunan famfuna jere a kanta, ya ce shi gwani ne a harkar sitiyari. Zancensu kusan ɗaya ne: "Ranka ya daɗe, ai famfon ne ka ƙona. In ka ƙara hawa motar nan haka, rak ma zai tafi. Guda ɗaya ya rage mini, sabo dal, turo kuɗi a aiko maka yau." (Rak shi ne sandar ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba in an murza sitiyari.) Bai ga motar ba, bai tambayi irin man da ka zuba ba, bai tambaya ko ka fitar da iska ba, amma har ya yanke hukunci. Kuɗi na shiga, wani ya yi layar zana, lambarsa ta daina shiga. Wani kuma ya aiko da tsohon famfo da aka wanke aka fesa wa fenti.

Na riƙe irin wannan famfon a hannuna. Daga nesa sai ƙyalli. Da na matso da shi kusa da haske, fentin ya rufe har kan kusoshi da bakin ramin da tiyo ke shiga, wuraren da kamfani ba ya shafa wa fenti. Ƙarƙashin fentin ga sawun sifana a jikin noti, cikin kwarmin da bel ke bi ga baƙin maiƙo ya daskare, lambar kayan kuma an kankare ta. Wanda ya saye shi ya saka a motarsa, kukan bai daina ba, domin tun farko famfonsa lafiyarsa ƙalau.

Abin da waɗannan mutane ba sa so ka sani shi ne, kukan da ke zuwa nan take bayan canjin mai galibi iska ce. Bel ɗin injin ne ke juya famfo, famfo ya tura mai da ƙarfin gaske ta tiyo zuwa rak, man ya taimaka wa hannunka wajen juya tayoyi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Da ka zuƙe tankin har ƙasa, iska ta samu hanyar shiga, famfo ya dinga kaɗa ta da mai suna zama kumfa. Daga nan kukan yake fitowa, daga nan ne kuma sitiyarin ke yin sauƙi yanzu, ya yi tauri an jima. Kashe injin, buɗe murfin tankin, haska tocila. In ka ga ƙananan kumfa sun taru a sama, ko man ya yi dishi-dishi ya rasa launinsa, to ga mai laifin nan.

Fitar da iskar ba ya cin ko sisi. Ka ɗaga gaban motar har tayoyi su bar ƙasa, ka tokare ta da abin da zai riƙe ta da kyau, kada ka dogara ga jak kaɗai. Injin a kashe, ka cika mai zuwa alamar da ke jikin tanki, ka murza sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, kamar sau ashirin, kana leƙa tankin kana ƙara mai in ya sauka. In man ya yi kumfa sosai, bar motar ta huta har ya kwanta. Sai ka tayar da injin ka sake murzawa, amma kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, don a nan ne famfo ke shan wuya. Wata motar sai an maimaita, wata kuma sai ta kwana kafin ta yi shiru.

In iska ta fita ta sake dawowa, wani wuri ne ke shaƙarta. Duba tiyon da ke sauka daga tanki zuwa famfo, ko maɗaurinsa ya saki lokacin da kake aiki. Akwai kuma wata 'yar roba mai kama da zobe a bakin famfo. In ta bushe takan bar iska ta shiga ba tare da mai ya ɗiga ko ɗigo ɗaya ba, kuma masu wasu motocin Honda sun san wannan matsala sarai. Tankuna da yawa suna da 'yar rariya a gindinsu, wadda dattin da canjin mai ya tayar kan toshe, famfo ya rasa isasshen mai ya kama kuka. Man da ya zube a kan bel ma yakan sa ya dinga sulɓewa yana ƙara. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne.

Sai batun irin man, wanda a ganina shi ya fi cancanta a tsaya a kai. Man sitiyari ba iri ɗaya ba ne. Motocin Toyota da dama man giya na Dexron suke sha a sitiyari. Honda tana da nata man na musamman. Motocin Turai da yawa kuma suna son koren man nan na CHF 11S. Abin da motarka ke so yana rubuce a murfin tanki ko cikin littafinta. In ka zuba wanda bai dace ba, maganin shi ne a wanke layin gaba ɗaya a zuba daidai. In kuwa man birki ne ya shiga bisa kuskure, kada ma ka tayar da injin, a zuƙe shi tukuna, domin yana lalata robobin ciki. A nan wata damfarar take shigowa: masu tallan kwalbar da wai ta dace da kowace mota, tana kashe kuka cikin minti biyar. Akwai magungunan tsayar da yoyo na gaskiya, aikinsu kumbura tsofaffin robobi na ɗan lokaci, amma babu wanda ke fitar da iska. Wasu kwalaben ma tsofaffi ne aka sake ɗura musu mai mara asali. Ka duba hatimin murfi da rubutun jikinsu kafin ka karɓa. Kuma motoci da yawa na zamani sitiyarinsu na lantarki ne zalla, ba su da tanki balle mai. Duk wanda ya ce zai canza wa irin wannan motar man sitiyari, aljihunka yake nufi.

Ba ina cewa famfo ba ya mutuwa ba ne. Yana mutuwa, musamman in an bar shi yana juyawa babu mai. Amma yana da shaidu: ƙyallin ɓarɓashin ƙarfe cikin mai, yoyo ta bayan ƙafar da bel ke juyawa, kukan da ya ƙi tafiya bayan mai ya washe babu kumfa ko kaɗan. Makanikin kirki zai ɗaura ma'aunin matsi ya gwada famfon a gabanka kafin ya ce a canza.

In har ta tabbata sai an saya, ka nemi lambar kayan da ta dace da motarka, ka ga famfon da idonka kafin kuɗi ya fita, ka karɓi rasit da garanti a rubuce, tsohon famfonka kuma ka riƙe abinka har sabon ya nuna yana aiki. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge saƙonni da shaidar biya. Ya sanar da bankinsa nan da nan, ya kai rahoto ga 'yan sanda. In kuwa sitiyarin yana tauri ba zato a kan tafiya, a ajiye motar har a gano dalili, kada a hau babban titi da ita.