Tsohuwar Mustang ko sabuwa, wacce ta fi daɗin zama a ciki?

Tunda aka ganni cikin motar Ford Mustang ɗin wani abokina a titin Ali Akilu na Kaduna mutane suke ta damuna da tambayar nan, to bari in faɗi abinda na sani.

Tsohuwa, irin ta 1965 ɗin nan, ƙarar injin V8 (mai silinda 8) da salansa kai tsaye suke shigo maka, iska na busowa ta gefen gilas, in kun ɗau hanyar Zariya sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna. Daɗi ne wallahi na minti 20, bayan nan kai ya fara sarawa. Ga tayoyin baya sanda ɗaya ta haɗa su, ɗaya ta faɗa rami duk motar ta amsa, ga zafin injin a ƙafa, da yawa ma ba esi.

Sabuwa kuwa daga 2015 kowace tayar baya zaman kanta take, an toshe jikin sosai don kar ƙara ta shigo, har ta kai mai silinda 4 ɗin ta sifika ake ƙara mata kukan injin, abin dariya. Amma fa tayoyinta faɗi garesu kuma ba kauri, gurnanin kwalta na shigowa, rim kuma baya son ramukan damina.

Gyara, tsohuwa kafireta ce, bakaniken Panteka zai taɓa in an samu kaya, sabuwa sai an jona kwamfuta.

Mai fita yawon yamma ran Lahadi tsohuwa ta isheshi, mai zirga-zirgar Abuja da iyali ko ciwon baya ya nemi sabuwa.