Rauta guda da kebul, ko mesh? Amsa ga mai son raba waƙoƙi da finafinai a gida

Ɗan'uwa, ka ce kana da faifan ajiya cike da waƙoƙi, karatun Alƙur'ani da finafinai, kana so kowa a gida ya riƙa buɗewa daga wayarsa ko talabijin ba sai an yi ta tura wa juna ta Xender ba. Ka ce ƙaramar MiFi ɗinku ba ta kaiwa ɗakin baya, kana tambaya: sabuwar rauta (na'urar raba Wi-Fi) za ka saya, ko mesh, wato na'urorin Wi-Fi da ake bazawa a gida suna aiki tare?

Da farko ka kwantar da hankali a kan data. Abin da ke yawo tsakanin faifanka da wayoyin gida ba ya fita intanet, saboda haka ko megabayit ɗaya ba zai ci maka ba. MiFi ta ci gaba da kawo intanet. Rabon cikin gida aikin wata na'ura ne.

Rautar da nake nufi ita ce mai zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, ta Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, wadda ke da kafar USB 3.0 a baya. Ka soka faifan a nan, ka kunna DLNA (tsarin raba waƙoƙi da bidiyo tsakanin na'urorin gida) ko rabon fayil a saitinta, ka buɗe manhajar kallon bidiyo ta VLC a waya, sai ga manyan fayilolinka. Waƙa ba ta da nauyi: MP3 mafi inganci kilobit 320 ne a daƙiƙa, ko tsohuwar rauta za ta ɗauka. Fim ne ke tona asiri, musamman 4K da ke neman kamar megabit 25, ga yara uku kowa da abin da yake kallo. A nan 5GHz ke aiki, amma matsalarsa bango. Bulon siminti biyu da rufin kankare sun isa su kashe shi, yayin da 2.4GHz ke ratsawa amma a cunkushe yake da na maƙwabta.

Mesh kuwa, irin su TP-Link Deco, na'urori biyu ko uku ne da ke miƙa wa juna sigina da suna guda, kana tafiya daga falo zuwa tsakar gida ba yankewa. Daɗinsa ke nan. Sai dai yawancinsu ba su da kafar USB, dole ka ajiye faifan a kwamfuta mai manhajar raba finafinai irin Plex ko Jellyfin, ita kuma ta kwana a kunne. Kuma in ba ka haɗa su da kebul ba, na'urorin da kansu ta iska suke magana, bangon da ya hana wayarka shi zai tare su. Ga batun wuta: kowace na'ura da soket ɗinta, ɗaya ta mutu an ɗauke wuta, sashen gidan ya tafi.

A gidanmu na fara da ƙaramar na'urar ƙara sigina ta soket. Sanduna suka cika a waya, amma fim na tsayawa, domin irinta tana rage gudun da rabi. Daga baya na sa mai gyara ya huda bango kusa da taga, muka ja kebul Cat6 mita ashirin ta bayan labule zuwa ɗakin Hajiya, muka ɗora tsohuwar rauta a can a matsayin tashar sigina. Tun ranar tafsirinta bai sake yankewa ba. Kebul irin wannan yana ɗaukar gigabit har mita 100.

Don haka ni rauta da kebul zan ce maka, ka haɗa mata ƙaramin batirin 12V. In gidan haya ne mai gida ya hana huda bango, to ɗauki mesh, amma ka tabbata na'urorin suna ganin juna ta ƙofa ko baranda, ba ta bango ba.