Darasi, Gasa Ko Aikin Sa Kai: Ta Wace Ƙofa Yaro Zai Shiga Wasan Golf?

Yaro ya ga golf a talabijin, ya ɗauki lema yana dukan marfin kwalba da ita, ya ce shi ma so yake a kai shi. Iyaye suna fara tambaya sai a zube musu zaɓi iri-iri: darasin mutum ɗaya da koci, ajin yara da yawa, sansanin hutun makaranta, ƙungiya mai riga da lamba, gasar gwada bugu, ga kuma jakar sanduna da ake cewa ba a shiga fili sai da ita. Kowanne da kuɗinsa, kowanne kuma mai tallarsa zai ce nasa ne ya kamata a fara da shi. Ni ma'auni ɗaya nake ɗora su a kai: wanne ne zai sa yaron, da bakinsa, ya ce a sake kawo shi mako mai zuwa?

Kafin a shiga kwatantawa, a kwantar da hankali kan maganar shekaru. Labarin Tiger Woods, wanda aka nuna a talabijin yana buga ƙwallo tun yana ɗan shekara 2, ya sa iyaye da yawa suna ganin ɗansu mai shekara 9 ya riga ya makara. Bai makara ba. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18 (kofunan gasannin da suka fi daraja a golf), yana ɗan shekara 10 ya fara. Annika Sörenstam ta fi ba wa tanis da gudun kan dusar ƙanƙara ƙarfi, sai tana shekara 12 ta kama golf, ta kuma ci manyan kofuna 10. Nick Faldo na Ingila yana dab da cika shekara 14 ya kalli gasar Masters ta 1971, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf, a talabijin, daga nan ya nemi sanda, ya ƙare da manyan kofuna 6. Saboda haka kada wani ya sa ku biya kuɗin shekara guda a rana ɗaya don tsoron lokaci zai ƙure.

Darasi: shi kaɗai ko cikin yara?

Darasin mutum ɗaya shi ne mafi tsada idan aka lissafa da awa, kuma amfaninsa a bayyane yake. Idon koci yana kan yaro ɗaya, zai ga yadda ya riƙe sanda, yadda ya tsaya, inda nauyin jikinsa ya koma bayan bugu. Ga matashi ɗan shekara 13 ko 14 da ya riga ya shaƙu da wasan, wanda ƙwallonsa kullum take karkacewa gefe ɗaya kuma abin ya dame shi, rabin awa da koci nagari ya fi masa wata guda yana ta bugu shi kaɗai. Amma ga ɗan shekara 7 da bai taɓa riƙe sanda ba, rabin awa babba yana tsaye a kansa yana gyara masa gwiwar hannu nauyi ne. Zai yi shiru, zai yi abin da aka ce, sannan a mota ya ce ƙafarsa ke ciwo.

Ajin rukuni na fi so ga mai farawa, kuma ba don sauƙin kuɗinsa kawai ba. Yaro yana koyo daga kallon ɗan'uwansa fiye da yadda manya ke zato. Idan ya ga wata yarinya sa'arsa ta tsallakar da ƙwallo saman kwarin yashi, ba sai an yi masa dogon bayani ba, shi ma zai nace. Idan ya kuskure ƙwallon gaba ɗaya, ya ga na kusa da shi ma ya kuskure, abin ba zai tsaya masa a rai ba. Tsare-tsaren da suka daɗe a wannan fage duk a kan rukuni aka gina su: Golf Foundation a Birtaniya tun 1952, shirin 'yan mata na Girls Golf a Amurka tun 1989, da First Tee da aka kafa a 1997, wanda ke haɗa bugun ƙwallo da koyar da gaskiya da ladabi.

Sai dai aji suna suka tara. Kada ku biya sai kun je kun tsaya kun kalli zama ɗaya, gani ya kori ji. Ku zaɓi yaro guda a cikin ajin, ku sa masa ido na minti goma, ku ƙirga sau nawa ya bugi ƙwallo. Idan sau uku ne, sauran lokacin yana layi yana tonon ciyawa da bakin sanda, yaran sun yi wa kocin yawa. A ganina idan suka wuce shida zuwa takwas a hannun babba ɗaya, an tashi daga koyarwa an koma tsaro. Ku duba ko akwai alama a ƙasa da ke raba inda mai bugu yake da inda masu jira suke, domin sandar golf ƙarfe ce, kuma yaro idan zai kai bugu da ita ba ya waiwaya. Ku saurari kocin: yana kiran sunayensu? Yana durƙusawa ya yi magana daidai fuskarsu? Maganarsa gajera ce, ko lacca yake yi?

Abu mafi muhimmanci da zan tambaya shi ne daga ina ake fara koyarwa. Kocin da ya san yara daga bakin rami yake farawa, ya riƙa ja da baya. Ramin golf faɗinsa inci 4 da kwata ne kacal. Ku kalli fuskar yaron da ya mirgina ƙwallo daga taku uku ta faɗa ciki ya ji ƙararta, sai ya ɗago kai yana neman wanda ya gani. Wannan ɗan farin cikin shi ne ke dawo da shi. Wanda aka tsayar a kan tabarmar atisaye yana dukan ƙwallo hamsin zuwa cikin fili, bai taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba, bai san ma me ake nema a wasan ba. Ku kuma tambaya kai tsaye ko an binciki tarihin duk manyan da ke aiki da yaran, da ko an yarda iyaye su tsaya su kalla. Wurin da ya ji haushin wannan tambaya, ku bar shi.

Sansanin hutu na kwana huɗu ko biyar gwaji ne mai kyau ga wanda ba a tabbatar da sha'awarsa ba. Illarsa ɗaya: idan ba abin da ya biyo baya, abin da aka koya a mako guda yakan zube kafin wani hutun.

Sanduna

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14. Yaro mai farawa huɗu ko biyar sun ishe shi: ta mirgine (mirgina ƙwallo a ƙasa zuwa rami), ɗaya mai kwantaccen baki don ɗaga ƙwallo a kusa, ɗaya ko biyu na matsakaicin nisa, da ɗaya ta dogon bugu. Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne a yanke tsohuwar sandar babba a miƙa wa yaro. Tsawon ya ragu, amma kan sandar yana nan da nauyinsa, jikinta kuma ya ƙara tauri saboda yankan, sai yaron ya koyi jan sanda da kafaɗa kamar mai ɗaga kaya, ɗabi'ar da za a sha wahalar cire masa. Wannan matsalar ce ta sa aka kafa kamfanin U.S. Kids Golf a 1996, wanda ke auna sanduna da tsawon yaro maimakon shekarunsa. Ko wane kamfani za ku saya, da tsawo za ku auna. Kada ku sayi babba wai zai girma ya cike ta. Tunda kuma yaro yakan fi ƙarfin sandunansa cikin shekara ɗaya ko biyu, na hannu ko na aro ba abin kunya ba ne. Azuzuwa da yawa ma suna ba da aro, a fara tambaya.

Gasa

Gasar gwada bugu ita ce ƙofa mafi sauƙi, kuma wadda ta fi shahara ita ce Drive, Chip and Putt ta Amurka, wadda masu gasar Masters da hukumar golf ta Amurka (USGA) da ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka (PGA) suka kafa a 2013. Shiga kyauta ne, ga maza da mata 'yan shekara 7 zuwa 15, an raba su rukuni huɗu bisa shekaru. Kowane yaro bugu tara ne gare shi: dogo uku, gajere uku, mirgine uku. Kowane bugu yana iya kawo maki har 25. Dogon bugu sai ya tsaya cikin fili mai faɗin yadi 40 kafin a ƙirga shi, mirgine kuma daga ƙafa 6 ne, da 15, da 30. Wanda ya tsallake matakai uku na share fage yana cikin yara 80 da ke zuwa filin Augusta, inda ake buga Masters, ranar Lahadin da ke gaban gasar Masters. Akshay Bhatia yana cikin waɗanda suka je zagayen ƙarshe na farko a 2014, bayan shekara 10 ya koma filin a matsayin ɗan wasan Masters.

Abin da nake so a wannan tsari shi ne gajartarsa. Yaro zai ɗanɗana yadda hannu ke rawa idan an kira sunansa mutane suna kallo, amma cikin ɗan lokaci an gama, ba awa huɗu yana fama da mummunar rana ba. Lissafin makin ma darasi ne, domin kashi biyu cikin uku a kusa da rami ake samunsu, ƙaramin yaro mai natsuwa yana iya doke ƙato mai ƙarfi. Kulob-kulob da yawa a wasu ƙasashe suna shirya irinta. Iyakarta kuma a san ta: bugu tara ba sa nuna ko yaro ya iya wasa. Ba ta koya masa abin da zai yi idan ƙwallo ta shige bayan bishiya, ko yadda zai rubuta makinsa na gaskiya alhali ba wanda ya ga bugun da ya kuskure.

Wannan sai a wasan ƙungiya. A PGA Jr. League ta Amurka yara suna sa riga mai lamba, suna wasa bibbiyu, kowa ya buga sannan a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau a ci gaba daga nan. GolfSixes League ta Birtaniya ma bibbiyu ake yi, a ramuka shida. Mummunan bugu ba ya zama abin kuka tunda abokin wasa yana rufawa. Idan kuɗinku na abu ɗaya ne bayan ajin farko, nan zan sa shi.

Gasar da ake ƙirga kowane bugu, irin ta ƙungiyar golf ta matasan Amurka, AJGA, mai karɓar 'yan shekara 12 zuwa 19, wani mataki ne daban. Kuɗin shiga shi ne ƙaramin ɓangare. Tafiya, masauki, ranar gwajin fili, ranakun aiki da uwa ko uba za su rasa, su ne ainihin nauyin. A bari sai yaron da kansa ya nema, kuma sai ya saba kammala ramuka tara ba tare da ya gaji ko ya fusata ba. Wannan sabawar kuwa a filin wasa ake samunta, shi ya sa shiri irin Youth on Course, da ke ba yara damar zagaye a filaye da yawa na Amurka kan dala 5 ko ƙasa da haka, ya fi darasi na goma amfani a wurina. Ku tambayi filin da ke kusa da ku ko yana da rangwamen yara da yamma, da ko yana da wuraren farawa na kusa da rami don ƙanana.

Aikin sa kai

Wannan ne iyaye suka fi tsallakewa, kuma shi ne bai cin ko sisi. A manyan gasa akan nemi matasa su ɗauki allon maki, su bi rukunin ƙwararru daga ramin farko zuwa na 18, cikin igiyar da ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, taku kaɗan daga 'yan wasan. Matashin zai ji shawarar da ɗan wasa ke yi da mai riƙe masa jaka, ya ga yadda yake tsinkar ciyawa ya watsa don gane iska, ya ga kuma yadda yake share mummunan bugu daga fuskarsa kafin ya isa ƙwallon. Ba kocin da zai iya sayar da wannan. Sai dai aiki ne na gaske: tafiyar kilomita 8 ko fiye, awa huɗu zuwa biyar a rana, da allo mai kama iska. A tambayi mafi ƙarancin shekaru, da wanda zai kula da su, da inda ake fakewa idan aka busa ƙahon tsawa.

Na biyu shi ne taimaka wa koci a ajin ƙanana. Ga ɗan shekara 14 zuwa 17, ba abin da ke zaunar da ƙa'ida a kai kamar ya bayyana ta ga ɗan shekara 6. Wanda ya koya wa ƙarami gyara tabon da ƙwallo ta bari a lallausar ciyawa, da share sawunsa a yashi, shi ba zai sake mantawa ba.

Riƙe jaka kuwa ba sa kai ba ne, aiki ne da ake biya, amma hanya ce mai tarihi. Francis Ouimet tsohon mai riƙe jaka ne lokacin da ya ci babbar gasar US Open ta Amurka a 1913 yana ɗan shekara 20, ya doke fitattun ƙwararrun Birtaniya Harry Vardon da Ted Ray, kuma wanda ya riƙe masa jaka, Eddie Lowery, shekararsa 10. Chick Evans, shi ma daga riƙe jaka ya taso, shi ne tushen tallafin karatu mai ɗauke da sunansa, wanda tun 1930 yake biya wa masu riƙe jaka kuɗin jami'a da masauki a Amurka, bisa ƙwazon aiki, sakamakon makaranta, hali, da buƙata. Ga gidan da kuɗin darasi ya yi wa nauyi, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Da ni ce zan tsara wa ɗan shekara 8 shekararsa ta farko, zan fara da zangon aji ɗaya da sandunan aro. Idan ya ƙare yana tambayar yaushe za a koma, sai sanduna biyar daidai tsawonsa da ramuka uku ko huɗu da yamma, babba yana binsa a baya bakinsa a rufe. Gasar gwada bugu ɗaya a shekarar ta isa, kuma a hanyar dawowa a tambaye shi wane bugu ne ya fi masa daɗi, a bar maganar maki. Darasin mutum ɗaya ya jira ranar da zai zo da kansa ya ce akwai bugun da ya ƙi masa yana so a gyara.