Famasin da suka hana ni tramol sai da takardar likita, tauraro huɗu na ba su

Jama'a wannan famasin na kusa da asibitin da aka yi wa Baba aiki, ranar farko da na shiga wallahi da zagi na fito a zuciyata. An yi wa Baba aikin gwaiwa, likita ya rubuta masa tramadol na kwana biyar saboda zafi, ni kuma garin sauri na bar takardar a aljihun wata rigar. Na ce wa yarinyar da ke kanta ƙanwata ki taimaka, tsoho ne a kwance yana nishi, ga hoton takardar ma a wayata. Ta ce Yaya ka yi haƙuri sai Hajiya ta gani. Hajiyar ta fito, ita ce famasist ɗin, ta duba hoton ta ce a'a, takardar kanta take so mai sa hannu da hatimi. Na koma gida a adaidaita cikin wannan ranar ta Kano ina ta masifa ni kaɗai.

Da na dawo sai da ta rubuta sunan mara lafiya da na likita a wani babban littafi, ta ƙirga ƙwayoyin daidai kwana biyar, ko ɗaya ba ta ƙara ba. Mai miligiram 50 ta ba ni. Ta ce a Najeriya mai 50 da mai 100 ne aka yarda da su, duk wanda ya miƙo min mai 225 ko 250 to kayan fasa-ƙwauri ne, irin wanda NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ta kuma tambaye ni ko Baba na da farfaɗiya ko yana shan maganin barci, don tramol na iya jawo jijjiga. Ni tunda nake sayen magani a kemis ɗin layinmu ba a taɓa yi min irin wannan tambayar ba, can kam kana faɗin suna ana yanko maka da almakashi, ko yaro ɗan shekara goma sha biyar ne.

Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan shi ne maganar da ta yi min ina shirin fita. Ta ce Malam in ya rage kar ka ajiye a kan tibi, ka dawo min da shi ko ka kulle, akwai masu bin gidan marasa lafiya. Na yi dariya a raina. To kwana uku Baba ya ce zafi ya sauka ba zai ƙara sha ba, ragowar na nan a leda. Washegari wani yaro da na san uwarsa na san ubansa, mai tura kura a kasuwa, ya tare ni a ƙofar gida da sunan dubiya, yana sosa ƙeya ya ce Yaya ance an ba Baba tramol, in ya rage zan saya, kuɗin da ya faɗa ya ninka abin da na biya. Jikina ya yi sanyi gaskiya. Wai don ya samu ƙarfin aiki. Yadda labarin ya kai masa har yau ina mamaki.

Tun 2018 da BBC suka yi binciken kodin gwamnati ta hana shigo da siraf ɗin da haɗa shi, mutane suka ɗauka an gama, ashe yaran komawa suka yi kan tramol da rochi da diazepam da exol. An tashi ƴan magani daga Sabon Gari an ce su koma Dangwauro don a san abin da ke shiga da fita, amma ɗan kemis ɗin lungu da ke sayarwa ta taga da daddare fa?

Yanzu ga laifinsu. Suna da tsada, ko farasitamol sai ka ji bambanci da kasuwa. Layi kuma ba a magana musamman bayan la'asar, kujera biyu ce kacal, na ga wata tsohuwa ta gaji ta zauna a ƙasa. POS ɗinsu sau biyu yana cewa babu natwok, sai da na fita na ciro kuɗi. Wannan ne ya ci musu tauraro ɗaya. Amma wurin tsaf, ga firji na aiki da sola don insulin, lasisin PCN, hukumar da ke kula da famasi, a rataye inda kowa zai gani, kuma suna ba da rasit ba sai ka roƙa ba.

Ragowar ƙwayoyin na mayar mata ranar Asabar, ta ƙirga a gabana ta rubuta a littafin. In za ku je ku tafi da takardar a hannu da tsabar kuɗi, kuma da safe.