Maganin ciyawa da maganin ƙwari: tanki ɗaya, aiki daban

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya. Yana da ragowar maganin ciyawa da ya fesa kafin shuka, ga shi tsutsa ta sauka a wakensa, ko zai iya fesa wannan ragowar? "Ai duk guba ce," in ji shi.

Malam, ajiye wannan galan. Idan ka fesa, waken ne zai mutu, tsutsa kuwa ta koma gonar maƙwabci da ranta.

Maganin ciyawa yana bin abin da tsiro ke rayuwa da shi ne. Ɗauki gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup. Ta ganye yake shiga, ya gangara har saiwa, ya toshe hanyar da tsiron ke haɗa sinadaran gina jikinsa. Shi ya sa ba ya gaggawa. Ka fesa yau, sai bayan mako ɗaya ko biyu ka ga tofa da kiri-kiri sun yi rawaya sun kwanta. Mai gajen haƙuri sai ya ce jabu aka sayar masa, ya sake fesawa, ya ƙara asara. Farakwat kuwa, da aka fi sani da Gramoxone, da rana ta buga ganye ya ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu, amma saiwa tana nan daram, tofa ta sake tohowa. Dukansu biyun ba su san ciyawa ba, ba su san amfanin gona ba: duk koren da suka taɓa nasu ne.

Akwai masu zaɓe. 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye ya bar shinkafa da masara, ta hanyar ruɗa girman tsiro, ya yi ta murɗewa har ya mutu. To wake, tumatir, kuɓewa da auduga duk masu faɗin ganye ne, ka ga ke nan. Atirazin kuma a gonar masara a kan ƙasa mai damshi ake fesa shi bayan shuka, kafin ciyawa ta leƙo.

Shi maganin ƙwari, yawancinsa jijiyar da ke kai saƙo a jikin ƙwaro yake nema, abin da tsiro ba shi da shi. Daikulobos, wanda ke cikin Sniper da ota-piyapiya, yana hana saƙon jijiya tsayawa, ƙwaron ya yi ta karkarwa har ya sandare. A nan haɗarin yake, domin irin wannan jijiyar mu ma da ita muke numfashi. Wanda ya yi feshi ba takunkumi, iska na maido masa da shi a fuska, zai ji jiri, yawu ya cika masa baki, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wannan ba gajiya ba ce, asibiti ake nufa, a tafi da kwalbar. Irin su Karate da sifametirin suna kayar da ƙwaro nan take, sai dai ba sa barin kifi da ƙudan zuma. Imidakulofirid yana shiga jikin tsiro, don haka ya fi dacewa da masu tsotso irin su darɓa.

Kada wannan ya sa a ɗauka maganin ciyawa ruwa ne. Farakwat ɗan kurɓi kaɗan yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Ni dai zuba shi a gorar lemo a ajiye a ɗaki shi ne gangancin da na fi tsana.

Lokacinsu ma ba ɗaya ba ne. Ciyawa tun tana ƙarama ake kama ta. Ƙwari sai ka zaga gona ka gan su. Tsutsar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016 can cikin zuciyar masara take ɓuya, in ba ka saita bakin feshi ciki da sassafe ko da yamma ba, ka yi wa ganye wanka ne kawai. Wakenka kuma in yana fure, bari sai yamma, ƙudan zuma sun koma. Ka duba kwanakin jira kafin girbi da aka rubuta a jikin kwalba. Ragowar daikulobos ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Sai maganar tanki. Wani maƙwabcina a fadama ya ari injin feshi na goyo, ya ɗauraye shi sau ɗaya, ya zuba maganin ƙwari ya bi tumatirinsa layi-layi. Ashe mai injin 2,4-D ya fesa wa shinkafa da shi. Bayan 'yan kwanaki sabon ganye ya fara fitowa siri-siri a nannaɗe, kara ya karkace, fure na zuba. Ya ɗauka cuta ce, har ya je ya sayo wani maganin ya ƙara. Tun daga ranar tankuna biyu nake riƙewa, na ciyawa na shafa masa jan fenti a murfi. Wanda ɗaya gare shi, ya wanke da omo sau uku, ya matsa ruwan ya fita ta tiyo da bakin feshi, ya zubar nesa da rijiya da rafi.