Tikitin shiga Aya Sofiya: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda sarin kaya ya kai shi Laleli, unguwar 'yan kasuwa a Santambul, ko karatu ya kai shi birnin, da wuya ya dawo gida bai leƙa masallacin Aya Sofiya ba. Bayan da aka mayar da ginin masallaci a watan Yulin 2020, kowa shiga yake yi kyauta. Daga 15 ga Janairun 2024 hukumomin Turkiyya suka raba ƙofa: ƙasa ta masallata ce, benen sama kuma na baƙi masu yawon buɗe ido, a kan Yuro 25. Nan take kasuwar 'yan tikiti ta buɗe a intanet, kowa na rantsuwa cewa nasa ne zai tsallakar da kai layi.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne layin biyu ne. Akwai na rumfar sayar da tikiti, akwai na binciken jami'an tsaro. Tikitin tsallake layi na farkon kaɗai yake raba ka da shi. Na biyun kuwa, wanda shi ne ke miƙewa idan rana ta ɗaga, ko nawa ka biya sai ka bi shi.

Shi ya sa ni ban ga abin da ya kai tikitin rumfa ba, in dai mutum zai yi sammako. Ka fito sallar asuba, ka shiga ta ƙofar masallata, ba wanda zai karɓi ko sisinka. A lokacin ne za ka ga masallacin yadda ya kamata a gan shi: kana zaune kan darduma, ƙubba na bisa kanka da tsawon kimanin mita 55, ga manyan alluna takwas masu sunan Allah da na Manzo (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, kowanne faɗinsa mita bakwai da rabi. Ka lura da mihrabi, za ka ga ya ɗan karkace daga tsakiyar gini. Coci ne Sarki Jastiniyan ya kammala a 537, sai da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 aka daidaita wajen limami da alƙibla. Mai tikitin sama daga nesa yake hango wannan duka, ba a barinsa ya sauko.

In an idar, ka nemi shayi da burodin nan nasu mai riɗi, ka zagaya bayan masallacin ta wajen ƙofar fadar Topkapi, inda rumfar tikiti take daura da tsohon ginin mashayar ruwa na Sultan Ahmad na Uku. Da safe ake buɗewa. Wanda ya riga motocin 'yan yawon buɗe ido isowa, layukan biyu ba za su ci masa lokaci ba. Ka biya Yuro 25 ɗinka ba ƙarin kowa, yara 'yan ƙasa da shekara takwas kuma ba sa biya, sai dai a riƙe musu fasfo.

Amma fa ka san abin da kake saye. A sama zane-zanen Kiristocin Rumawa ne na ƙananan duwatsu da ruwan zinariya, har da waɗanda suka ce siffar Annabi Isa (AS) ce da Nana Maryam, sai kuma rubutun wani Bawaikin, wato mutumin arewacin Turai na zamanin da, da ya kankare sunansa a jikin marmara. Mai son tarihi zai ƙaru. Wanda salla ce ta kawo shi ya riƙe kuɗinsa, ya riga ya samu abin da ya zo nema. Hawan kuma gangara ce ta tsohon dutse, kada a tilasta wa dattijo mai ciwon gwiwa.

Sauran zaɓin ba su da wani dogon bayani. Katin nan na gidajen tarihi, Museum Pass, ba ya aiki a Aya Sofiya. Tikitin haɗi da gidan nunin tarihin masallacin zai kai ka wani gini ne daban a dandalin Sultanahmet, ka kalli majigi. Ɗan jagora yana da amfani in kuna da yawa, muddin yana rataye da katin lasisinsa.

Inda nake so a buɗe ido shi ne wajen 'yan tsakiya. Wani kamfani ya taɓa sayar mana da abin da ya kira tikitin manyan baƙi, ni da ƙanwar mahaifiyata, ashe takardar shaida ce kawai da sai an musanya ta da tikiti a hannun wakilinsu. Muka tsaya cikin sanyi muna jiran mai laima da aka ce zai zo, Inna tana cewa, “Ɗan nan, anya mutanen kirki ne kuwa?” Da ya iso sai ya tara mu ya kai mu layin binciken da kowa ke bi. Tun daga nan tambayata ɗaya ce ga kowane mai sayarwa: lambar da za ka turo mini a waya ita na'urar ƙofa za ta karanta, ko sai na nemi wani? In ya fara kame-kame, ka wuce.

Akwai shafukan da ke kwaikwayon na hukuma, da hoton ƙubba da tutar Turkiyya, su ɗora kuɗi a kan farashin. Akwai masu sayar maka da tikitin gidan majigin nan kaɗai, ka zo ƙofar masallaci a ce ba nan ba ne. Mafi ban haushi su ne masu tallar tikitin masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida da ke fuskantar Aya Sofiya, alhali shigarsa kyauta ce ga kowa. A dandalin ma za ka haɗu da masu tare mutum kamar 'yan kamasho a tasha. Wani zai yi maka sallama da fara'a, ya tambayi ƙasarku, ya ce an rufe masallaci sai anjima, ka zo ka sha shayi tukuna, ƙarshenta ka tsinci kanka a shagon dardumar ɗan'uwansa. Mai wankin takalmi zai yar da burushinsa a gabanka, kana miƙa masa ya kama takalminka don godiya, sannan ya yanka maka kuɗi. Amsa sallama, ci gaba da tafiya.

Ranar Juma'a ana dakatar da masu tikiti daga wajen tsakar rana har a sauko daga masallaci, don haka kada ka karɓi tikitin wannan lokacin daga hannun kowa. Mata su zo da mayafinsu. Taragon T1 zai ɗauko ka daga Laleli ya sauke ka a tashar Sultanahmet, daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.