Gidan Tarihin Suzhou: Na Je Ganin Gini, Katanga Ta Riƙe Ni

Sana'ata sayar da kayan gini, tayil da ƙofofi da makamantansu, kuma ita ce ke kai ni ƙasar Sin lokaci zuwa lokaci. A tafiyata ta ƙarshe an ɗaga mana ranar loda kaya a Shanghai, na samu yini guda ba aiki. Tafintana ya ce maimakon in kwanta a otal ina latsa waya, mu shiga jirgin ƙasa mai gudu mu je Suzhou mu ga gidan tarihin garin. Tafiyar kusan rabin awa ce. Abin da ya ja ni ba kayan tarihi ba ne, gaskiya. Cewa da ya yi wanda ya zana ginin shi ne I. M. Pei, mutumin da ya yi dalar gilashin nan ta Louvre a Faris da kuma gidan adana kayan fasahar Musulunci na Doha. Na taɓa ganin na Doha, shi ya sa na ce mu je.

Bari in fara da abin da mai niyyar zuwa zai buƙata. Lokacin da na je shiga kyauta ne, amma sai ka yi rajista tun kafin ranar, ka zaɓi lokacin shigarka, kuma ka riƙe fasfo ɗinka a hannu. Ranar Litinin a rufe yake. Tafintana ne ya yi mana rajistar ta manhajar WeChat. Gidan yana kan titin Dongbei, cikin tsohon gari, jikinsa da jikin lambun Zhuozheng, wanda aka fara ginawa farkon ƙarni na 16 kuma yana cikin lambunan Suzhou da UNESCO ta saka a jerin kayan gadon duniya a 1997.

Da muka sauka daga tasi sai da na tambaya ina ginin yake. Na zaci zan ga wani abu mai tsayi yana ƙyalli. Ashe ga shi a gabana: farar katanga, rufi mai launin toka, bai ɗara gidajen maƙwabta tsawo ba. Da gangan aka yi haka, har aka tura wani sashe nasa ƙarƙashin ƙasa don kada ya yi wa tsohon gari tsaye a ka. An buɗe shi a Oktoban 2006, lokacin Pei ya doshi shekara 90. Danginsa 'yan Suzhou ne, su suka taɓa mallakar lambun Shizilin da ke nan kusa, inda ya yi wasa cikin duwatsu yana yaro. Wato dattijo ne ya dawo gida ya yi aiki.

Ido na ɗan kasuwar kayan gini, rufin na fara dubawa. Tsoffin gidajen Suzhou da ƙananan tayil na yumɓu masu lanƙwasa ake rufe su, suna da kyau amma suna fashewa, kullum cikin gyara. Pei ya ajiye su ya ɗauko dutse mai tauri, aka yanka shi fale-fale aka jera. In ruwa ya jiƙa shi sai ya yi baƙi, in ya bushe ya koma toka. Ranar an yi yayyafi da safe, saboda haka na ga duka biyun a rufi ɗaya. Ginshiƙan kuma na ƙarfe ne maimakon katako, da gilashi a sama da siraran sanduna masu tace rana, hasken yana sauka ƙasa layi-layi. Babu abin da aka kwaikwaya daga tsohon gini kai tsaye, amma ko makaho ya shafa ya san jinin garin ne.

To, sai katangar.

Kana shiga babban zaure, ta cikin gilashi za ka hango tafki, da siririyar gada a kan ruwa, da rumfa mai kusurwa takwas. Can ƙarshen ruwan akwai farar katanga, wadda ita ce iyaka da tsohon lambun. A gindinta aka jera yankakkun duwatsu, wasu gaba wasu baya, na gaba masu duhu, na baya suna ƙara haske. Daga inda kake tsaye, wallahi tsaunuka kake gani masu nisan tafiyar yini, hazo ya lulluɓe su. Ka matsa kusa ka ga duk abin bai fi 'yan taku kaɗan zurfi ba. Sinawa suna da tsohon salon zane da suke kira shanshui, ma'anarsa dutse da ruwa, inda ake zana tsaunuka da koguna da tawada a farar takarda, a bar wurare da yawa ba komai don su zama hazo ko sararin sama. Pei ya ɗauki katangar a matsayin takarda, duwatsun su ne tawada. An ce salon Mi Fu ya bi, wani mai zane na zamanin daular Song.

Abin da ya burge ni shi ne bai bi hanya mai sauƙi ba. Lambunan Suzhou sun shahara da duwatsun tafkin Tai, masu ramuka da murɗe-murɗe, kuma da ya tara irinsu babu mai cewa uffan. Amma ga na asali nan a bayan katanga, shekaru ɗaruruwa. Me zai ƙara musu? Sai ya nemi wata dabarar. Itatuwan tsohon lambun ma da suke leƙowa ta saman katangar sun shiga cikin hoton, ba tare da ya dasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Na fi minti 20 a wurin. Ni da nake sayar wa mutane tayil mai ƙyalƙyali su manna tun daga ƙofar gida har banɗaki, na tsaya ina kallon farar katanga da ba a manna mata komai ba, na ji 'yar kunya.

A nan ne muka saɓa da ɗan jagoran da muka ɗauka a waje, ta hannun wani kamfanin yawon buɗe ido. Yaron kirki ne, amma agogo yake bi. "Alhaji, mu tafi, akwai sauran wurare uku," haka tafinta yake ta isar mini da saƙonsa. Daga ƙarshe na biya shi kuɗinsa na sallame shi. Shawarata kada ka ɗauki kowa. Wurin ba shi da girman da za ka ɓata, kuma akwai bayani da Turanci a jikin kayan.

Tagogin ma abin kallo ne. Wasu masu kusurwa shida ne, an saita kowace ta yadda za ta kama abu ɗaya: gora a nan, bishiya guda a can. Kana tafiya a baranda kamar ana canza maka hoto a bango. A tsakar gidan shan shayi akwai wata itaciya mai yaɗo da aka yi wa aure da reshen wadda Wen Zhengming, mai zanen zamanin Ming, ya dasa kusan shekara 500 da suka wuce. Uwar tana nan da ranta a tsohon gidan Zhong Wang Fu da ke manne da gidan tarihin, inda ta nan ne ake fita.

Kayan tarihin kansu ba su da yawa in ka gwada da manyan gidajen tarihi na Shanghai ko Beijing. Wanda ya tsaya mini a rai wani kwano ne koren tangaran mai siffar furen bado, na ƙarni na 10, da aka samo a hasumiyar Huqiu. Sauran na bi su da sauri, ba zan ɓoye ba.

Matsalar wurin ɗaya ce, jama'a. Kowa waya a hannu, kowa yana son hoto a kan gadar nan, kuma gadar siririya ce. Wuri ne da aka yi shi don shiru, amma shirun sai ka yi sammako. Mu na ƙarfe goma muka samu, kafin sha ɗaya ba masaka tsinke. Ka nemi lokacin farko na safe, tsakiyar mako, ka guji makon hutun farkon Oktoba da na farkon Mayu. Awa biyu sun isa, uku in kai mai zama ne. In za ka haɗa da lambun Zhuozheng, shi da tikiti ake shiga, kuma ni a ganina ka fara da shi, don sai ka ga tsohon za ka gane abin da Pei ya ɗauka da abin da ya bari.

Da muka fito mun gangara wajen titin Pingjiang mai bin gefen ruwa, tafinta ya nemo mana shagon taliyar Lanzhou na Musulmi, muka ci mai naman shanu, muka kama jirgin ƙarfe huɗu.